Tsakanin "Kasa" da "Ƙasa": Yadda Bayit Ɗaya Ke Karya Sahu a Rumbun Ajiyar Bayanai

Kalmar "kasa" da kalmar "ƙasa" haruffa huɗu-huɗu ne a idon mai karatu. A wajen kwamfuta kuwa lissafin ya sha bamban. Ta farko bayit 4 ce, ta biyu bayit 5, domin harafin ƙ yana cin gurbi biyu a tsarin UTF-8, wanda mafi yawan shafukan intanet da manhajoji ke amfani da shi a yau. Idan aka raɗa wa fayil ɗaya daga cikin sunayen nan, aka nemi ajiye shi a wata kwamfutar ta hanyar tsarin NFS, sunan farko zai ci bayit 8 a cikin saƙon, na biyu kuma ya ci 12. Bambancin bayit ɗaya ya koma huɗu.

Ina sauran ukun suka fito? Amsar tana cikin wasu ƙa'idoji guda biyu da masu tsara hanyoyin ajiyar bayanai suka daɗe suna aiki da su, wato daidaita sahu da kuma ciko. Ba a cika koyar da su a darussan koyon rubuta manhaja da ke YouTube ba, amma duk wanda ya yi musu riƙon sakainar kashi zai gamu da ɗaya cikin uku: manhajarsa ta tsaya cak, ko sirrin mutane ya zuba, ko faifan ajiya ya riƙa tafiyar hawainiya. Mu da ke rubutu da Hausa kuma mun fi masu rubutu da Turanci saurin taka wannan ƙaya, kamar yadda za mu gani.

Ajiya a wata kwamfuta, aiki a wata

A shagunan buga takardu na Gumel ko Maigatari, abu ne da aka saba gani a haɗa kwamfutoci biyu ko uku da kebul, a buɗe folda guda a ɗaya daga cikinsu, kowa ya riƙa ajiye aikin kwastoma a nan. Haka ɗakin kwamfuta na makaranta yake, haka ma cibiyoyin jarrabawar JAMB, waɗanda tun 2015 suka koma rubuta jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya: uwar garke ɗaya, sauran kwamfutoci suna ɗiba daga wajenta. Idan aka faɗaɗa abin, shi ne ake yi a manyan cibiyoyin ajiyar bayanai irin ta Galaxy Backbone da ke Kano.

Kafin kwamfutoci biyu su yi irin wannan hulɗa, sai sun yarda da yare ɗaya. Foldar da ake rabawa a Windows da tsarin SMB take magana. A duniyar Linux da Unix an fi amfani da NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya ƙirƙiro a 1984. Akwai iSCSI, mai sa kwamfuta ta ɗauki faifan da ke nesa tamkar a cikinta yake. Sai na baya-bayan nan, NVMe a kan TCP, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2018. Kowanne daga cikinsu takarda ce doguwa da ke fayyace bayit na farko mene ne, na biyu mene ne, har ƙarshen saƙo. A cikin waɗannan takardu ne ake samun dokokin sahu da ciko.

Me ya sa sai an daidaita sahu?

Ƙwaƙwalwar kwamfuta jeri ne na gurabe, kowane gurbi bayit ɗaya, kowanne da lambarsa: 0, 1, 2, 3, har gaba. Sai dai masarrafa ba ɗai-ɗai take tsintar su ba. Ɗiba take yi, huɗu-huɗu ko takwas-takwas, kuma kowace ɗiba tana farawa ne daga lambar da ke rabuwa da huɗu ko takwas ba saura. Lamba mai bayit 4 da ta zauna a gurbi na 8 zuwa 11, ɗiba ɗaya ta ishe ta. Idan kuwa ta fara daga gurbi na 10, rabinta yana cikin wannan ɗibar, rabi yana cikin ta gaba, sai an miƙa hannu sau biyu sannan a haɗa. Ta farko ita ce ke kan sahu, ta biyu ta karya sahu.

Masarrafan Intel da AMD da ke cikin yawancin kwamfutocinmu suna da haƙuri. Za su yi ɗiban biyu su wuce, ba tare da ka sani ba. Wasu ba su da wannan haƙurin. Masarrafar Motorola 68000 tana tsayar da aiki idan aka nemi ta karanta lamba mai bayit biyu daga gurbi mai mara. Masarrafar SPARC ta kamfanin Sun tana kashe manhajar nan take. Har yau ƙananan masarrafai irin su ARM Cortex-M0, da ake sakawa a allunan koyon haɗa na'urori masu araha, ba sa yafe wannan laifi. Shi ya sa manhaja za ta yi aiki lafiya lau a kan laftof, a ɗora ta a ƙaramar na'ura ta ƙi motsi.

Masu rubutu da yaren C sun san alamar wannan. Idan ka haɗa harafi mai bayit 1 da lamba mai bayit 4 a tsari ɗaya, ka tambayi girmansa, amsar da aka saba samu 8 ce, ba 5 ba. An cusa gurabe uku a tsakaninsu don lambar ta faɗo kan sahu. Waɗannan gurabe su ne ciko.

Dokar huɗu-huɗu

Lokacin da injiniyoyin Sun ke gina NFS, burinsu kwamfutocin kamfanoni daban-daban su raba fayiloli, alhali kowace da irin tata masarrafar. Sai suka fitar da ƙa'idar rubuta bayanai mai suna XDR, aka wallafa ta a 1987 a takardar RFC 1014, aka sabunta a 1995 da kuma 2006. Dokarta gajera ce: komai aka rubuta, tsawonsa ya kasance yana rabuwa da huɗu. Idan suna ne, a fara da bayit 4 masu faɗin tsawonsa, sunan ya biyo baya, sannan a cike da sifili har a kai sahu na gaba.

Bari mu gwada da ƙananan hukumomin masarautar Gumel:

Gagarawa: bayit 8, babu ciko, jimla 12.
Gumel: bayit 5, ciko 3, jimla 12.
Maigatari: bayit 9, ciko 3, jimla 16.
Sule Tankarkar: bayit 14 har da tazarar tsakiya, ciko 2, jimla 20.

Mai karatu zai lura Gumel da Gagarawa wuri ɗaya suka ci duk da ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Zai kuma lura cewa lambar tsawo ainihin tsawon sunan take faɗa, ban da cikon. Mai karɓa ne zai lissafa cikon da kansa: ya raba tsawon da huɗu, ya ga saura nawa ya rage a cike. Ba a aiko masa da wata alama da ke cewa "ciko ya ƙare a nan". Lissafin ɓangarorin biyu kawai ake dogara da shi.

Takardar XDR ta yi bayanin dalilin zaɓen huɗu. Da an zaɓi biyu, saƙo zai yi ƙanƙanta amma kwamfutoci da yawa za su wahala wajen karantawa. Da an zaɓi takwas, kusan kowace na'ura za ta ji daɗi amma saƙo zai kumbura. Sai aka raba gardama a kan huɗu, duk da an san manyan kwamfutocin Cray na lokacin takwas suke so. Wannan zaɓi ya bar baya da ƙura guda: lamba mai bayit 8, irin wadda NFS ke faɗin girman fayil da ita tun daga sigarsa ta uku a 1995, tana iya faɗowa a gurbin da ke rabuwa da huɗu amma ba ya rabuwa da takwas. Mai rubuta manhaja da ya san aikinsa kwafo ta yake yi zuwa wurin da ya dace kafin ya karanta.

Inda Hausa ke tona asiri

A Turanci kowane harafi bayit ɗaya ne a UTF-8, don haka wanda ya ƙirga haruffa da wanda ya ƙirga bayit amsa ɗaya za su samu. Kuskuren sai ya ɓuya. A Hausa ba ya ɓuya. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ, manya da ƙanana, kowanne bayit 2 ne. Haka ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, wanda duk mai hulɗa da takardun tsallaken iyakar Maigatari zai riƙa cin karo da shi. Baƙaƙen Larabci da ake rubuta ajami da su bayit 2 ne, kowane wasali kuma da nasa. Alamar naira, ₦, bayit 3 ce.

Kalmar "'ya'ya" ma abin kallo ce. Idan an rubuta ta da miƙaƙƙiyar alamar ɗauri, bayit 6 ce. Idan Microsoft Word ko allon rubutun waya ya mayar da alamar mai lanƙwasa, kowace ɗaya ta zama bayit 3, kalmar ta koma 10. A ido duk ɗaya ne.

Yarukan rubuta manhaja kuma ba su haɗu a kan abin da suke ƙirgawa ba. A Python, len na kalmar "ƙasa" 4 zai ba ka, sai ka mayar da ita bayit da encode sannan ka ga 5. JavaScript da Java su ma 4 za su ce. A C da PHP, strlen bayit yake ƙirgawa, ya ba ka 5. Haka Go.

To, a ce wani ya rubuta manhajar tura sakamakon jarrabawar ɗalibai zuwa uwar garke, ya bi tsarin XDR, amma ya ƙirga haruffa. Ya rubuta tsawo 4, ya zuba bayit 5 na "ƙasa", ya ga huɗu tana rabuwa da huɗu, bai sa ciko ba. Mai karɓa zai ɗebi bayit 4, ya samu "ƙas". Harafin "a" da ya rage sai ya zama farkon lambar da ke biye. Darajar "a" 97 ce, kuma XDR da babban ɓangaren lamba yake farawa. Idan lambar da aka yi niyyar aikawa ƙarama ce, kamar 5, abin da mai karɓa zai karanta shi ne 1,627,389,952. Idan wannan lamba tsawon wani abu take faɗa, manhajar da ba ta bincike za ta nemi a ware mata wuri fiye da gigabayit ɗaya da rabi saboda harafi guda. Uwar garken NFS ta ƙwarai watsi take yi da irin wannan saƙo, ta mayar da amsar GARBAGE_ARGS, ma'ana abin da ka aiko shara ne.

A aikace ga yadda abin ke bayyana: sunan Musa da Aisha su wuce lafiya, sunan Ɗanladi ko Ɓaidu ya ƙi. Sai ma'aikaci ya yanke hukuncin cewa kwamfuta ba ta son ƙugiya, ya riƙa rubuta Danladi. NFS da SMB da ke cikin Windows da Linux sun daɗe da iya ɗaukar waɗannan haruffa. Inda ake samun matsalar shi ne ƙananan manhajojin da muke rubutawa da kanmu, muna gwada su da "test1" da "test2". Kuma idan muka bar ta, muna koya wa jama'a su riƙa ɓata sunayensu da hannunsu.

Kowane gida da nasa awon

Ba kowa ne ya tsaya a kan huɗu ba. A iSCSI, wanda aka wallafa a 2004 a takardar RFC 3720, kowane saƙo yana farawa da goshi mai bayit 48, bayanan su biyo baya, a cike su zuwa huɗu. A nan ma lambar tsawo ba ta haɗa da ciko ba. Amma lambar tantance lafiyar saƙo, wadda ake lissafawa da CRC32C, ta haɗa da shi. Wanda ya manta da wannan zai ga ana ta ƙin karɓar saƙonninsa alhali bayanan ciki daidai suke.

SMB2, wanda ya zo da Windows Vista, goshinsa bayit 64 ne. Yana ba da damar a ɗaure buƙatu da yawa a saƙo ɗaya, misali buɗe fayil, karanta shi, rufe shi, amma kowace buƙata sai ta fara a gurbin da ke rabuwa da takwas. Sunayen fayiloli kuwa da UTF-16 yake rubuta su, inda k da ƙ duka bayit 2 ne, don haka "kasa" da "ƙasa" tsawonsu ɗaya a nan. Wani bambancin kuma, SMB da ƙaramin ɓangaren lamba yake farawa, saɓanin XDR da iSCSI.

NVMe a kan TCP ya ɗauki wata hanyar. Maimakon a kafa lamba ɗaya ga kowa, da zarar an haɗu kowane ɓangare yana faɗa wa ɗayan irin sahun da yake so, daga bayit 4 har zuwa 128, sai mai aikawa ya sa ciko tsakanin goshi da bayanai gwargwadon haka. Dalili shi ne katin sadarwa ya iya zuba bayanan kai tsaye inda ake buƙatarsu ba tare da masarrafa ta sake kwafa ba.

Akwai kuma waɗanda suka ce ba ruwansu da ciko. Tsarin 9P na ɗakin binciken Bell Labs manne komai yake yi da juna, ya bar wa mai karɓa aikin tsinta ɗai-ɗai, kuma shi Microsoft ke amfani da shi wajen raba fayiloli tsakanin Windows da Linux a WSL. Wannan ma hanya ce mai kyau. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ɓangare ɗaya ya yi ciko ɗayan bai sani ba.

Ga mai ƙirga datarsa da megabayit, kada cikon ya tsorata shi. A dokar huɗu-huɗu ba ya wuce bayit 3 a kowane suna. Sunaye miliyan ɗaya, ko da kowanne ya ci uku cur, megabayit 3 ke nan, bai kai waƙa ɗaya a memori ba.

Me ake zubawa a cikin ciko?

XDR ya wajabta ciko ya zama sifili, kuma ya faɗi hujjarsa: bayani iri ɗaya ya fito da siffa ɗaya daga kowace na'ura, ta yadda za a iya kwatanta shi ko a tantance shi. Akwai hujja ta biyu da duniya ta koya da wahala.

Ƙa'idar Ethernet, wato kebul ɗin da ke haɗa kwamfutocin shago ko ofis, ba ta yarda kayan cikin saƙo su gaza bayit 46 ba. Idan sun gaza sai a cike. A watan Janairun 2003, Ofir Arkin da Josh Anderson na kamfanin tsaro na @stake suka bayyana cewa manhajojin katunan sadarwa da dama ba sifili suke zubawa ba. Duk abin da ya kwana a ƙwaƙwalwa a wannan gurbin shi suke turawa, har da guntayen saƙonnin wasu mutane. Wanda ke kan kebul ɗaya da kai zai iya aiko ƙaramin saƙon gwaji, amsar ta dawo masa da ragowar da ta kai bayit 18. Ya maimaita sau dubbai, ya harhaɗa, wani lokaci har kalmar sirri ta fito. Aka kira matsalar Etherleak.

Irin wannan yana faruwa ga duk mai ɗaukar tsarin C yadda yake ya watsa a hanyar sadarwa ko ya rubuta a fayil. Guraben nan uku da ke tsakanin harafi da lamba ba wanda ya share su. Idan manhajar ta asibiti ce ko ta makaranta, abin da ke ciki zai iya zama guntun sunan majiyyaci ko lambar wani. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma nauyin tsare su yana kan mai riƙe da su, ba tare da la'akari da ƙanƙantar ƙofar da suka bi suka fita ba.

Sahu a kan faifai

Dokar ba ta ƙare a kan kebul ba. Shekaru da dama faifan ajiya yana rubutu ne a yanki-yanki masu bayit 512. Daga wajajen 2010 kamfanoni suka koma yanki mai bayit 4,096, amma suka ci gaba da nuna wa kwamfuta kamar 512 ne don tsofaffin manhajoji su yi aiki. Windows XP kuwa yana fara rabon faifai ne daga yanki na 63. Ninka 63 da 512, ka samu 32,256, wadda ba ta rabuwa da 4,096. Sakamakon haka kowane rubutu mai bayit 4,096 yana taka yanki biyu. Dole faifan ya karanto su, ya gyara ɓangaren da ya shafe shi, ya mayar. Aiki ya ninka, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar mayarwa, bayanan da ke maƙwabtaka da ba su san hawa ba su san sauka ba suna iya lalacewa. A garuruwan da shago ke dogara da janareta ko batirin sola, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga Windows Vista aka koma farawa daga yanki na 2,048, wato bayit 1,048,576, wadda ke rabuwa da 4,096 sau 256 cif. Matsalar tana dawowa ne idan mai gyara ya kwafe tsohon faifai gaba ɗaya zuwa sabo ko zuwa SSD da tsohuwar manhajar kwafi, sai karkacewar ta bi shi. A iSCSI abin ya fi muni, domin faifai ne a kan faifai: karkacewar da aka yi a kwamfutar da ke amfani da shi uwar garke ce ke biyan kuɗinta. Memorin waya ma haka. Ƙungiyar SD Association ta fitar da manhajar SD Card Formatter kyauta, kuma cikin aikinta har da zaunar da tsarin fayil daidai da yadda katin ke gogewa da rubutu. Masu tura finafinai da waƙoƙi da karatu a kasuwanni, waɗanda ke goge kati da yawa a rana, za su amfana da ita.

Abin yi

Ga mai shago ko mai gyara: a Windows ka buɗe msinfo32, ka shiga sashen faifai, ka nemo Partition Starting Offset, ka raba lambar da 4,096. Idan babu saura, faifanka yana kan sahu. A Linux, fdisk -l zai nuna yankin farawa. Idan da 512 ake ƙirgawa, ya kamata lambar ta rabu da takwas.

Ga mai rubuta manhaja: ka mayar da rubutu bayit kafin ka auna tsawonsa. Ka lissafa ciko daga wannan tsawon. Ka zuba sifili da hannunka. Kada ka tura tsarin C ɗanye, ka rubuta kowane sashe ɗaya bayan ɗaya. Duk lambar tsawo da ta zo maka daga waje, ka kwatanta ta da ainihin abin da ya iso kafin ka ware mata wuri. Idan kai ne ke tsara sabuwar ƙa'ida, ka rubuta amsar tambayoyi huɗu a takarda kafin ka taɓa kwamfuta: sahun nawa ne, daga ina ake fara ƙirga shi, shin tsawo ya haɗa da ciko, shin lambar tantancewa ta haɗa da shi.

Wanda ke son ganin abin da idonsa ya sauke Wireshark, kyauta ce. Ya buɗe foldar da ake rabawa a shago, ya rubuta smb2 a wurin tacewa, ya danna saƙo ɗaya, zai ga goshin nan mai bayit 64 da sunan fayil ɗinsa harafi-harafi. Kuma a gwajin manhajarka na gaba, ka ajiye "test1" gefe. Ka sa fayil mai suna "ɗanɗano", wanda haruffansa 7 ne amma bayit 9, da wani mai suna "Ƙanƙara ₦500", da ɗaya cikin ajami. Idan duka ukun suka je suka dawo yadda suke, to ka iya miƙa wa makaranta ko asibiti.